Mudu Biyu a Buhu Ɗaya

Ku matso kusa, 'ya'yana, ku da aka ɗauka aikin siton ikilisiya bana. Tun zuwanku kuke tambayata dalilin da tsohon kwanon nan yake rataye a ƙusa bayan ƙofa, ba a awo da shi, ba a kuma yar da shi ba. Har ɗayanku ya so ya miƙa wa mai gwangwan. To, gwiwoyina sun gaji, ƙarshen shekarar nan zan ajiye makulli in koma renon jikoki, gara ku ji daga bakina kafin wani ya ba ku labarin a karkace. Ko na manta da komai na aikin nan, ba zan manta da Larabar da kwanon nan ya fito fili ba.

Sunana Saratu, daga ƙasar Numan. Bokona bai wuce aji uku ba, ɗan karatun da nake yi a ajin zumuntar mata na koya. Da shara da goge benci na fara aiki a majami'armu ta Jimeta. Da maigidana ya rasu, aka tausaya mini aka ba ni makullin sito, tare da ɗaki ciki da falo da ke jikin siton. Ku riƙe wannan, don shi ne gindin maganar: ɗakin na mai makulli ne. Wanda ya ajiye makulli ya ajiye ɗaki. A ciki nake da yarana uku, ga ni kuma mace mai son gida. In ba kasuwa ko jana'iza ba, sai in yi wata ban leƙa bakin titi ba. Amma fa surutu, wannan kam ku ma shaida ne.

Ga wanda bai san tsarinmu ba, Rabaran shi ne shugaba. Ƙarƙashinsa akwai dattawan ikilisiya, kowane da kwamitin da yake riƙe. Mai sito ba ta tsallake dattijonta ta kai ƙara wurin Rabaran. Haka na tarar, haka na bi.

A shekarar 2014, wajen ƙarshen damina, 'yan bindigar nan da muke kira yaran daji suka shiga Michika, daga baya suka shiga Mubi. Mutane suka yi ta kwararowa Yola, wasu a bayan tifa, wasu a ƙafa, wasu sai da suka zagayo ta Kamaru. Filin majami'armu ya cika, ajujuwan makarantar Lahadi suka cika, gindin kowane dogon yaro akwai iyali da ƙunshin tsummansu. Ranar Lahadi Rabaran ya tsaya a bagadi ya ce umarni ɗaya ne, kuma ba nasa ba ne, na Ubangiji ne: duk wanda yunwa ta kawo ƙofarmu a ba shi, kar a tambaye shi addininsa, kar a tambaye shi ɗarikarsa, abin da aka auna wa wannan shi za a auna wa wancan. Muka ce amin da ƙarfi. Ni ma na ce, har da ɗaga hannu.

Ga yadda rabon yake. Kowace Laraba da ƙarfe takwas na safe a shimfiɗa tamfol a ƙofar sito, a jawo buhunan masarar da 'yan ikilisiya da manoman Mbamba da Mbamoi suka kawo. Kowane gida yana da kati. Mace ta nuna katinta a tebur, ta zo wurina ta buɗe zani ko buhu, in auna mata mudu huɗu, a cike har da tozo. Mai zama a tebur shi ne shugaban kwamitin agaji, Dattijo Ishaya.

Ba na so ku ɗauke shi mugu. Tsohon ma'aikacin sakatariya ne da ya yi ritaya ba tare da an taɓa jin sunansa cikin wani abin kunya ba. Gidansa na Demsawo ya cika da 'yan gudun hijira har shi da kansa ya koma kwana a garejin mota. Ƙanensa malamin makaranta, a hanyar fitowa daga Mubi aka kashe shi, ba a ma sami gawar ba. Mutumin ya rame, kwat ɗinsa ta zama kamar ta aro.

Wata Litinin da hantsi ya shigo sito da baƙar leda, ya tura ƙofa. Ya zaro kwanon awo, irin nawa sak, launi ɗaya, baki ɗaya. Sai da ya kife shi na ga an kai shi wurin maƙeri an buga gindinsa ya lotsa ciki. In ya cika da masara ba mai ganewa, amma kowane mudu ya ragu da wajen tafi biyu.

Ya yi mini bayani a hankali, kamar mai koyar da ajin baftisma. Ya ce mutane suna ƙaruwa, buhu yana raguwa. Ya ce masu kawo masarar sun fara gunaguni, wai sun hana 'ya'yansu sun kawo don 'yan'uwa cikin Almasihu, sai ga shi ana ciyar da kowa da kowa, har da waɗanda ba a san da wa suke ba. In suka daina kawowa, kowa ya rasa. Ya ce zai sa ɗan gicciye da jan biro a kusurwar katin duk wanda ya zo da shaidar fastonsa. Mai gicciye, cikakken kwano. Marar gicciye, wannan. Duka biyun su zauna cikin buhun da nake awo, ɗaya dama, ɗaya hagu.

Na ce, "Baba, ai Rabaran cewa ya yi awo ɗaya."

Ya ce, "Saratu, mun kori wani? Mun tambayi wani addininsa? Kowa zai tafi da mudu huɗu. Umarnin muna binsa, gyara kawai muka yi masa."

Gyara kawai. Na juya kalmar a raina na ji ta zauna daidai. Na karɓi kwanon.

Laraba uku na yi ina awo da kwano biyu. Hannuna ya ƙware har ba sai na duba ba, ido a kan kati, hannu ya san inda zai nufa. Matan da nake rage wa su suka fi yi mini godiya, saboda ba su zaci majami'a za ta ba su ko ƙwaya ba. Wata ta ce Allah ya raya mini zuri'a, in ce amin, hannuna yana cikin buhun hagu.

Abin da ya hana ni sakat shi ne kunne. Allah ya ba ni kunne, ina cikin ɗaki nake gane wanda ya shigo get daga takun silifansa. Cikakken kwano in ya bugi masara cewa yake tim. Lotsattsen kuwa kwas yake cewa, kamar tsohuwa ta yi tari. Ni ce mai buga tulu a zumuntar mata, to ranar Lahadi ina bugawa ina jin kwas, kwas, a cikin tulun. Amma da aka zagayo da gurasar Jibin Ubangiji na miƙa hannu na karɓa, hannun nan dai. Na ce wa kaina ni 'yar aike ce, laifin yana kan mai umarni, Allah kuma ya san zuciyata ba ta so.

Cikin waɗanda suke kwana a ajin makarantar Lahadi akwai wata tsohuwa daga wani ƙauyen Michika, Mama Kwanye. Yanar ido ta rufe mata gani, inuwa kawai take gani. Kullum tana riƙe da bakin mayafin wata tsohuwar Bafulatana, Goggo Dudu, maƙwabciyarta tun suna amare. Goggo Dudu ce ta jawo ta suka hau duwatsu kwana da kwanaki har suka fito. Ita ma yaran daji sun kashe mata ɗa, don ya ƙi binsu. Tukunya ɗaya suke ci, tabarma ɗaya suke kwana, kuma ba sa yini ba su yi faɗa ba. Goggo ta ce Kwanye minsharinta ya fi bindiga, Mama Kwanye ta ce da ta san hanya da tun a kan dutse ta yar da wannan mai ƙafar sauron. Katin Mama Kwanye yana da gicciye. Na Goggo Dudu babu.

Ranar wata Litinin bayan azahar, ina gyaran wake a inuwar sito, sai ga Mama Kwanye ta lalubo bango ita kaɗai. Ta zauna ta jawo faifai tana taya ni, yatsunta sun fi idona ganin tsakuwa. Muka taɓa hira. Ta ce shekara talatin ta yi tana sayar da hatsi a kasuwarsu, tun idonta garau. Sannan, ba tare da ta ɗaga kai ba, ta ce kwanona ɗaya yana da mura.

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba, na ce wane irin mura kuma, Mama.

Ta ce in ana zuba mata, masarar takan daɗe tana sauka. In ana zuba wa Dudu, sai ta yanke da wuri. Ta ce makon farko ta zaci kunnenta ne. Mako na biyu ta ɗaga ƙunshin biyu, ɗaya a kowane hannu. Na uku ba ta buƙaci ɗagawa ba.

Na fara zuba surutu, kun san ni. Na ce ba ni ba ce, umarni aka ba ni, ga yara uku, ga ɗaki, ga masarar ba ta isa, kuma Allah ya ga zuciyata, hannuna ne kawai yake yi. Ta bar ni har na gaji. Sai ta ce bari ta ba ni labarin mijinta.

Sunansa Tumba. Ba fasto ba ne, ba mai bishara ba, manomi ne da yake buga ƙarfen kiran sujada a ƙauyensu. Ranar da yaran suka shigo, ciwon ƙafa ya hana shi gudu, ita kuma ta ƙi tafiya ta bar shi. Suka same su a tsakar gida. Suka ce ya faɗa da bakinsa cewa ya bar Yesu, su ƙyale shi. Yaran ma, in ji ta, kamar ba sa son kashe tsoho, ɗayansu har yana cewa Baba ka faɗa kawai mu wuce. Ta ce ita da kanta ta durƙusa ta kama ƙafarsa, ta roƙe shi da yarensu. Ta ce masa ya faɗa da baki kawai, Allah ya san zuciyarsa, in sun tafi sai ya tuba.

"Kin san abin da ya ce mini, 'yata? Ya ce, Kwanye, bakin ma nasa ne."

Ba ta yi kuka ba. Ta ci gaba da tsintar wake. Ta ce kullum in ta tuna, ba harbin ne yake hana ta barci ba, muryarta ce da take roƙonsa. Ta ce ita ta riga ni faɗin maganar nan ta Allah ya san zuciya, ta san daɗinta a baki. Ta laluba ta kamo hannuna na dama, ta juya shi kamar mai duba ƙwai a kasuwa, ta ajiye mini shi a kan cinya. Ta tashi ta bi bango ta koma.

Na zauna ina kallon hannun kamar ban taɓa ganinsa ba.

Washegari Talata na sami Dattijo Ishaya a ofishin kwamiti. Na gaishe shi, na durƙusa, na ce ina roƙo a mayar da kwano ɗaya, an fara ganewa. Ya tambayi wa ya gane, na ce wata makauniya. Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce ya ƙirga buhunan da suka rage, in aka koma cikakken kwano ga kowa ba za su kai ƙarshen wata ba, shin ni zan tsaya gaban yaran in ce musu babu? Ya ce bai tilasta mini ba. In ba zan iya ba, in kawo makulli, akwai mai iyawa. Bai ambaci ɗaki ba. Bai buƙaci ambata ba.

Rabaran yana garin, amma kullum yana tsakanin asibiti da tasha yana neman fastocin da suka watse. Kuma na faɗa muku, mai sito ba ta tsallake dattijonta. Wannan ma wata mafaka ce na samu na laɓe a ciki.

Ina so in ce muku ranar Laraba na fito da ƙarfin hali. Ƙarya ne. Na fito da kwano biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, kamar kullum. Mata shida marasa gicciye suka wuce, na auna musu da lotsattsen. Shida, bayan duk abin da na ji ranar Litinin. Ku rubuta wannan a ranku, don ku san yadda mutum yake.

Wajen ƙarfe tara layi ya kawo tsofaffin nan biyu. Mama Kwanye ta shimfiɗa zaninta, na zuba mata huɗu, tim, tim. Ta ƙulle. Goggo Dudu ta buɗe nata. Hannuna ya tafi hagu da kansa. Kwas.

Sai Mama Kwanye ta kwance ƙunshinta, ta kama gefen zanin, ta juye masarar duka a kan tamfol. Ta ce, ba da ƙarfi ba, "A auna mini da na Dudu."

Layi ya yi tsit daga gaba, shirun yana tafiya baya. Dattijo ya taso daga tebur yana murmushi irin na lallashin tsofaffi, ya ce Mama ki yi haƙuri, ai kwano ɗaya ne, rana tana yi, mutane suna jira. Goggo Dudu tana jan mayafinta tana cewa da Fulatanci da Hausa a haɗe, ke Kwanye ki rufa mana asiri, abin da aka ba ni ya ishe ni, kyauta ce ba gado ba.

Mama Kwanye ba ta juya wajen Dattijo ba. Ta juyo da fararen idanun nan wajena.

"Saratu, 'yata. Kwano ɗaya ne?"

Na ga ƙofar ɗakina daga inda nake, labulen da na ɗinka da hannuna, takalman makarantar yarana a jere a bakin ƙofa. Kalma ɗaya ce tsakanina da su. In ce e, kowa zai ce tsohuwa ta rikice, layi ya ci gaba. Ba bindiga a kaina, ba wanda zai taɓa ni. Sai na ji tsoro ya sauko mini, ba tsoron Dattijo ba, ba tsoron taron ba. Irin tsoron da mutum yake ji in ya gane ba shi kaɗai ne a ɗaki ba. Na san a ranar, kamar yadda na san sunana, cewa akwai Wanda yake tsaye a bakin tamfol ɗin nan tun Larabar farko, yana kallon kowane mudu, bai ce komai ba, yana jira.

Na ce, "Biyu ne, Mama."

Na sa hannu cikin buhu na zaro su, na kife su a kan masara, gindi sama. Rana ta haska lotsawar, kowa ya gani.

Na rufe ido ina jiran hayaniya. An yi kaɗan. Wani mutum daga baya ya ce dama ya faɗa, ba a taɓa ba su abu don Allah ba. Maganar ta soke ni fiye da mari, don ni na ba shi ita. Wata mata ta fara zagi. Amma kafin abin ya kama, sai na ji wata ƙara: shaaa. Na buɗe ido. Wata matar mai bishara, da goyo a bayanta, da ta riga ta karɓi nata ta kai get, ta dawo ta juye a kan na Mama Kwanye. Ta ce ita ma a auna mata da na Goggo. Wata ta biyo ta. Wata kuma. Ba wanda ya yi shela, ba wanda ya ce ku zo. Matan da suka gudo da zani ɗaya, waɗanda 'ya'yansu suke kwana da kunu, suna dawowa ɗaya bayan ɗaya suna zubar da cikakken mudunsu. Wata ƙatuwa mai baki, da kullum muke faɗa da ita a kan tozo, ta zo tana mita tana cewa ita fa ba ta ga dalili ba, makauniyar nan ce za ta sa su kwana da yunwa, tana faɗa tana kwance ƙullin. Ba duka suka dawo ba, wasu sun sulale da nasu, ban kuma ga laifinsu ba. Amma tulin ya yi ta tashi har ya kai mini gwiwa. Mai zagin ta yi shiru. Mutumin bayan nan ya cire hularsa, ban san me ya sa ba, ina jin shi ma bai sani ba.

Na yi shekaru ina shiga sujada, na ji wa'azin manyan baƙi da lasifika. Ban taɓa jin kusancin Allah kamar a ƙarar masarar nan ba.

Goggo Dudu ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi. Mama Kwanye ta dafa kan Goggo ta ce mata ta tashi, tsohuwar banza, ana kallonsu.

Dattijo Ishaya yana tsaye kamar an dasa shi. Can ya ce, da muryar da ban san shi da ita ba, masarar fa da gaske ba za ta kai ba. Mama Kwanye ta ce ta yarda, ita ma ta ji yadda siton yake amsa murya, ta san ya kusa zama fanko. Ta ce to a auna wa kowa da ƙaramin, a kuma faɗa wa kowa ƙarami ne. Ƙaramin kwano ba ya ɓata wa Allah rai. Biyun ne ba ya so.

Haka aka yi. Ta zauna a bakin tulin ta karɓi lotsattsen kwanon, ita da ba ta gani, ta auna wa kowa da hannun 'yar kasuwa, mai gicciye da marar gicciye, ba ta ma san wane ne wane ba. Na bi layi na nemo mata shidan nan na safe, na gaya musu abin da na yi musu. Biyu suka ce ba komai. Ɗaya ta kalle ni ta kau da kai, har yau ina ganin fuskarta.

Kar ku zaci daga nan sai daɗi. Da aka tashi, Dattijo ya miƙo hannu na ba shi makulli. Ranar Juma'a na kwashe kayana a Keke, muka koma wurin yayata a Mbamba, mu huɗu a ɗakin da take ajiye gyaɗa. Ni mai son gida, na zama mai raɓe. Kullum da safe in taho Jimeta in yi shara, aikin da na fara da shi. Masarar kuma ta ƙare kamar yadda ya faɗa, aka yi kwanaki ana dama kunu tsararo. Wasu masu kawowa suka daina. Wasu da suka ji labarin suka fara, har da wani Alhaji mai hatsi daga cikin Yola da ya aiko da buhuna ya ce kar a faɗi sunansa. Ba a ƙoshi ba, amma ba mu binne kowa saboda yunwa ba. Ban ce muku lada ce aka biya mu ba. Abin da ya faru nake faɗa.

A ikilisiyarmu akwai abin da ake kira horo. Wanda ya yi laifin da ya fito fili, dattawa sukan sa shi zaman bencin baya, kusa da ƙofa, ba ya cin Jibin Ubangiji sai wa'adinsa ya cika. Yawanci matasa ne suke zama a can. Da Rabaran ya ji labari ya tara dattawa, aka ce wasu sun so a rufe maganar, tunda ba sata aka yi ba, ko ƙwaya ɗaya ba ta shiga gidan Dattijo ba. Lahadin farko ta sabuwar shekara, muna waƙar buɗewa, sai ga Dattijo Ishaya ya shigo da kwat ɗinsa. Ya wuce hanyar kujerun dattawa inda ya shekara ashirin yana zama, ya je bencin baya ya zauna tsakanin wasu samari biyu. Ba wanda ya sa shi. Waƙar ta kusa tsayawa.

Ina riƙe da tuluna a cikin zumuntar mata. Na ce a raina, shi ya kawo kwano, amma hannun wa ya auna? Na ajiye tulun na bi ta gefe na je na zauna a ƙarshen bencin. Bai kalle ni ba, ya dai matsa mini. Wata uku muka yi a can.

A cikin watannin nan ne ya zo Mbamba da kansa, da rana tsaka, ya yi sallama a ƙofar yayata. Ya miƙo mini baƙar leda. Makulli ne a ciki, da kwanon. Ya mayar wa maƙerin ya buge gindin ya dawo daidai. Ya ce maƙerin ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma tabon ya ƙi fita. Ya ce, "Ki rataye shi inda ni da ke za mu riƙa ganinsa." Daga ranar har ya rasu, in ya shigo sito sai ya ɗaga kai ya dube shi kafin ya gaishe ni.

Mama Kwanye ta koma ƙauyensu da hanya ta buɗe, ta ce tana so a binne ta kusa da Tumba, kuma haka aka yi. Goggo Dudu tana nan cikin Yola wurin 'yar ƙanenta, ta tsufa tukuf. Duk Babbar Sallah sai ta aiko mini da nama, tare da saƙon cewa in auna in gani ko ya cika.

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan. Ni a da ina zaton ranar gwajin bangaskiya da bindiga take zuwa, ina kuma cewa in ta zo zan tsaya. Tawa da baƙar leda ta zo, a hannun mutumin kirki, da dalilai masu kyau, ta ce mini gyara kawai. A sito ba wanda zai ce muku ku yi sata. Za a ce ku ɗan duba fuska, ku ɗan rage tozo, ku ɗan ajiye wa namu. Kowane ɗan yana da hujjarsa, kuma wanda zai kawo muku shi mai yiwuwa ya fi ku tsoron Allah. Tumba da aka ɗora wa bindiga ya ƙi ba da bakinsa. Ni ba a ɗora mini komai ba, na ba da hannuna Laraba huɗu.

Ku sauko da kwanon ku shafa gindinsa, za ku ji tabon. In kun gama ku mayar da shi ƙusarsa. Kai kuma da kake karanta wannan, ko a ofis kake, ko a shago, ko a aji, ko a cikin gidanka, sa hannu ka laluba tun ba a tambaye ka a gaban jama'a ba: kwano nawa ne a cikin buhunka?